Karnukan Ƙanƙara a Bayan Arfa

Shekara shida Lukman ya yi ba ya Makka, da ya dawo kuwa sai ya tarar garin bai zauna jiransa ba. Dogon benen nan mai agogo da ya bari ana ta ɗora masa ƙarafa an gama shi, daga kowane lungu na unguwarsu Hindawiyya ka ɗaga kai shi za ka fara gani. Layin da suka buga ƙwallo suna yara an rushe shi saboda sabon titi, ba abin da ya rage sai tudun ƙasa da motocin tono. Mai ful da tamis, wato dafaffen wake da burodi, na bakin masallacinsu ya tattara ya koma Utaibiyya. Ƙanwarsa Munira ta yi aure har da 'ya'ya biyu, waɗanda in ka yi musu Hausa sai su mayar maka da Larabci. Mahaifiyarsa Maryama, wadda suke kira Umma, ta koma yin salla a kan kujera saboda ciwon gwiwa. Samarin unguwa kuwa kowa kansa a sunkuye kan waya, ko gaisuwa ma sai an ɗauka an nuna wa duniya.

Abu ɗaya ne bai canja ba, shi ne halin Lukman ɗin kansa. Tun yana ƙarami ba ya iya jira. Shayi da zafinsa yake kurɓa ya ƙona harshe, gobe kuma ya sake. In aka ce masa abu sai jibi, to ya dinga kai da komo ke nan har ya ishi kowa a gidan. Wannan halin ne ya sa da ya samu gurbin karatun injiniya a Kanada bai ƙarasa ba. A shekara ta uku ya ga abin ya yi masa nisa, ya ajiye littattafai, ya nausa arewa can inda dusar ƙanƙara ke rufe ƙasa rabin shekara.

A can ya samu aiki wurin wata tsohuwa mai karnuka arba'in, irin masu gashi lafta-lafta da ake ɗaura wa igiya su ja mutum a kan ƙanƙara. Kafin ƙanƙarar ta sauka, a kan hanyoyin daji ake horar da su, suna jan wani keke mai ƙafa uku wanda mutum ke tsayawa a kai. Shekara uku Lukman ya yi yana wannan aiki, kuma gaskiya ya iya shi. Tsohuwar, uwar ɗakinsa, ta rataye ma'aunin zafi a jikin ƙofar garken. Dokarta ɗaya ce: in ya haura digiri goma sha biyar, ba a ɗaura wa kare igiya, ko wa ya zo, ko daga ina ya zo. Ta sha gaya masa cewa irin wannan kare bai san ya ce ya gaji ba. Muddin kana kiransa zai ja, zai ja har zuciyarsa ta tsaya. Shi ya sa aka sa birkin a ƙarƙashin ƙafar mutum.

Amma a Hindawiyya wa ya san wannan sana'a? Da labari ya bazu cewa ɗan Maryama bai zo da shahadar kammala karatu ba, kiwon karnuka ya yi, sai samari suka laƙaba masa suna Muhandisin Karnuka, wato injiniyan karnuka. In ya zo wucewa ta inda suke zama bayan la'asar, wani ya yi haushi ƙasa-ƙasa, sauran su kwashe da dariya. Umma ba ta taɓa yi masa gori ba, sai dai in maƙwabta suka tambaye ta me Lukman ya karanto, takan ce yana hutawa ne tukuna, ta sako wata maganar. Wannan ya fi haushin samarin ci masa rai. Ya kasa zama wuri ɗaya, ya kasa neman aiki. Burinsa kawai a wayi gari mutanen nan su ga da idonsu cewa abin da ya koyo ba wasa ba ne.

Ana nan sai ga Rakan, abokinsa na ƙuruciya, ɗan gidan 'yan kasuwa, wanda Larabci ya fi Hausa sauƙi a bakinsa. Rakan ya sayo irin waɗannan karnuka guda uku daga Jidda don ya ga ana yayinsu. Ya kulle su a wani ɗaki a saman gidansu da mukayyif yana hura musu sanyi dare da rana, su kuwa suka yayyage katifa, suka cinye ƙofa, suna kuka irin na kyarkeci har maƙwabta suka kai ƙara wurin umda, wato mai unguwa. Ya zo wa Lukman a rikice, ya ce ko ya taimake shi ko ya rasa yadda zai yi da su.

Lukman na ganinsu ya san ciwonsu. Zama ne ya ishe su. Biyu maza ne, ɗaya mace fara mai shuɗin ido, Rakan ya sa mata suna Talja. Ita kaɗai ce ba ta yi tsalle a kansa ba. Ta tsaya ta zuba masa ido tana jiran ya ce wani abu. Nan take ya gane ita ce za ta ja gaba.

Suka kai su istirahar Kawu Hashimu, ƙanin Umma, wani fili mai katanga can bayan Arfa inda yake kiwon tumaki tun da ya daina tuƙin tasi. Kawu ya yarda, amma ya kafa sharaɗi: kada su kusanci inda yake salla, kada su sa baki a mazubin ruwan mutane, kuma duk wanda ya taɓa su ya wanke hannu da ƙasa kafin ya sha shayinsa. Umma ma ta kafa nata, cewa kayan da ya je wurin karnuka da su a soro zai tuɓe su.

Lukman ya zana keken a takarda ya kai wa mai walda. Ƙafa uku, dandamalin tsayawa, birkin babur. Ya ɗinka wa kowane kare ɗamarar ja daidai ƙirjinsa. Ya sayi ma'aunin zafi ya rataye a ƙofar ɗakin karnukan, yadda ya gani a can. Daga nan ne fa wahalarsa ta soma, domin Makka ba ta san digiri goma sha biyar ba sai jefi-jefi. Watan Disamba ya shigo, kullum daga sallar asuba sai ya kama hanya, ya iso gari bai gama wayewa ba, ya duba ma'aunin: ashirin da ɗaya. Gobe goma sha tara. Jibi ashirin da biyu. Sai ya haƙura ya zaga da su a ƙafa, yana koya wa Talja dama da hagu da tsayawa. Ranakun da iska ta sauko daga duwatsun Ɗa'if ma'aunin ya yi ƙasa, ya jiƙa musu ciki da ruwa, ya ɗaura su, su yi gudun kilomita ɗaya tak, ya kwance. Cikin sati shida, sau biyar kawai keken ya fita.

A waɗannan fita biyar ɗin Talja ta nuna ko ita wace ce. Kalma ɗaya zai faɗa ta juya. In mazan suka so bin ƙadangare, ita ce take fizgo su kan hanya. Kawu Hashimu, da yake zaune yana kallo daga kan tabarma, har ya soma ajiye mata ƙashi.

Rakan shi ya kasa ɓoye abin. Ya baza wa samarin unguwa cewa Muhandis ya mayar da karnukansa dawaki, suka ce ƙarya ne sai sun gani. Aka sa ranar Asabar ta tsakiyar Janairu. Lukman ya jaddada masa, ya sake jaddadawa, cewa lallai su iso da an idar da asuba, domin rana na ɗagawa magana ta ƙare. Rakan ya ce abshir, wato an gama, ya rantse har da ɗora hannu a kai.

Ranar kuwa gari ya tashi da sanyi mai kyau. Lukman ya iso ma'auni na kan goma sha huɗu. Ya ba karnukan ruwan romo, ya shimfiɗa igiyoyi, ya gwada birki, ya tsaya yana kallon hanya. Shida ta wuce. Bakwai ta wuce. Ya kira Rakan, aka ce masa ga su nan, sun tsaya ɗaukar wani ne. Kowane rabin awa sai ya je ya duba ma'aunin, kowane zuwa kuma sai ya tarar ya hau. Ba su iso ba sai tara da kwata, mota biyu cike, da fulas na shayi da wayoyi a hannu. Ma'aunin na kan ashirin da huɗu.

To, mutumin Makka in ya ga ashirin da huɗu da 'yar iska, hunturu ya gani. Samarin nan suka fito kowa ya lulluɓe cikin farwa, rigar sanyin nan mai gashi a ciki, wasu har da hular ulu, suna murza hannu suna cewa yau bard, wato sanyi, ya yi yawa. Kawu Hashimu kansa garwashi ne a gabansa. Shi ma Lukman, da ya yi wata bakwai a gida, jikinsa ya riga ya koma na Makka. Iskar ta bugi wuyansa, tsigar jikinsa ta tashi.

Duk da haka ya ja Rakan gefe ya ce masa an makara, a bari sai wata Asabar. Rakan ya dube shi kamar bai ji daidai ba.

"Ya ahi, wane zafi? Dubi mutane suna rawar ɗari. Kai kanka jaket ce a jikinka."

Wani daga cikin samarin ya ji, ya ɗaga murya ya ce ai dama ya faɗa, Muhandis ko a can ma shara yake yi wa karnukan, bai taɓa hawa ba. Wani ya yi haushin nan nasu ƙasa-ƙasa. Aka yi dariya. Wata Asabar ɗin sai ta yi wa Lukman nisa kamar wata shekara. Ya ce a ransa ai akwai iska, ai kilomita uku ne kawai zuwa tankin ruwan da ke gindin dutse, ai zai tafi a hankali. Ya je ya cire ma'aunin daga ƙusa ya jefa a aljihu, don kada idonsa ya sake kaiwa kansa.

Yana sa wa Talja ɗamara sai ga inuwar Kawu a kansa. Tsohon bai san digiri ba, amma ya shekara goma sha biyar da dabbobi.

"Ɗan nan, ni ne nake jin sanyi, ba ita ba. Ka dubi harshenta tun ba ta yi taku ɗaya ba. Ko tumakina masu ulu ba na kora su a wannan lokacin."

"Kawu, yanzu za mu je mu dawo. Na san aikina."

"Na san ka sani. Shi ya sa nake maka magana."

Lukman ya ci gaba da ɗaure ɗamarar. Kawu ya juya ya nufi inda jarkokin ruwa suke, ya fara lodawa a bayan wanet ɗinsa, motarsa mai buɗaɗɗen baya.

Da Lukman ya saki birki, karnukan suka fizgi keken kamar an harba su. Ƙura ta tashi, motar Rakan ta biyo gefe, samari sun leƙo ta taga da wayoyi suna ihu. Kilomita na farko ya yi daɗi fiye da duk yadda ya zata. Ya kira dama, Talja ta yi dama. Ya kira hagu, ta bi tsakanin itatuwan ƙaya biyu kamar an ja zare. Wanda ya yi masa haushi ɗazu shi ne ya fi kowa kiran sunansa. Rabon da Lukman ya ji ƙirjinsa ya buɗe haka tun ranar da ya sauka a Jidda.

Sai hanyar ta shiga kwari tsakanin duwatsu, iskar ta ɗauke. Ƙasa ta koma rairayi mai laushi, ƙafafun keken suka fara nutsewa. Lukman ya ji zufa na bin bayansa a cikin jaket. Ya dubi Talja. Harshenta ya yi faɗi, ya zazzago gefe, launinsa ya koma ja mai duhu. Igiyarta da take a miƙe ta fara saki tana sake ɗaurewa. Ƙafarta ta baya ta ɗan goce. Sannan ta waiwayo ta dube shi, abin da ba ta taɓa yi ba a tsakiyar gudu.

Ya san ma'anar kowace ɗaya daga cikin waɗannan alamomi. Ƙafarsa na kan birkin. Ga tankin can ana hango farinsa, bai fi taku ɗari biyar ba. Daga mota Rakan na buga ƙofa yana cewa yalla, yalla, saura kaɗan. In ya tsaya nan, abin da za a nuna a Hindawiyya yau shi ne Muhandis a tsaye cikin rairayi da karnuka a kwance.

Ya ɗage ƙafarsa daga birkin, ya kira sunanta.

Talja ta sunkuyar da kai ta ja. Ta ja har suka fita daga rairayin, ta ja har inuwar tankin ta rufe su. Da ya taka birki samari suka diro suna tafi. Mazan biyu suka zube suna haki. Ita kuwa ta tsaya a kan ƙafafunta tana layi, ta yi taku biyu zuwa wurinsa, ta faɗi a kan gefenta.

Tankin a kulle yake da kwaɗo, ba kowa a wurin. A cikin motocin babu komai sai shayi mai zafi da kwalbar ruwa rabi. Lukman ya yanke ɗamarar da wuƙa, ya zuba mata ruwan a ciki da hammata, ya tuɓe jaket ɗinsa yana yi mata fifita. Ya ɗaga leɓenta, dasashin ya yi jawur kamar bulo. Jikinta a hannunsa kamar murfin tukunya. Tafin ya mutu. Ɗaya bayan ɗaya wayoyin suka koma aljihu. Rakan ya durƙusa yana ta tambaya da Larabci me ya same ta, ai yanzu take gudu, me ya same ta.

Ba a yi minti biyar ba wanet ɗin Kawu ta iso, ashe tun tashinsu yake bin sawunsu. Suka kwarara wa dukkan ukun ruwa. Mazan suka farfaɗo har suka lashi ruwan. Talja ta fara karkarwa, ta yi amai da jini-jini. Aka samu wani likitan dabbobi a Jidda ta waya, ya ce a ci gaba da jiƙa ta a taho da ita yanzu. Kawu ya kama tuƙi, Rakan a gaba, Lukman a baya da kanta a cinyarsa, yana tsiyaya mata ruwa daga jarka yana kare ta daga rana da jikinsa. Daga Arfa zuwa Jidda ya fi awa guda. A karo na farko a rayuwarsa ya ga mota na gudu iya gudunta amma ba abin da gaggawa za ta gyara. Sun wuce Shumaisi da kaɗan numfashinta ya fara tsinkewa. Ya buga rufin motar da hannu. Kawu ya gangara gefen titi, ya zagayo, ya ɗora tafinsa a haƙarƙarinta, ya daɗe, sannan ya yi salati a hankali.

A bayan katangar istirahar suka haƙa mata rami. Rakan bai yi zagi ba, bai ɗaga murya ba. Da suka gama mayar da ƙasa ya tsaya yana kakkaɓe hannu, ya yi magana da Hausarsa mai tsinkewa.

"Ni jahili ne, ban san komai ba. Ni na ce ka je. Amma kai, lokacin da ta juyo ta kalle ka, ka sani?"

"Na sani."

Rakan ya gyaɗa kai, ya shiga motarsa. Cikin satin ya ba wani mai gona a saman duwatsun Ɗa'if sauran karnukan biyu, kuma bai sake kiran Lukman ba. Samarin unguwa suka daina yi masa haushi. In ya zo wucewa sai a yi tsit, a amsa sallamarsa a taƙaice. Ya gwammace dariyar da.

Kwana goma bai fita ba sai masallaci. A rana ta goma sha ɗaya ya zauna ya rubuta wa uwar ɗakinsa duk abin da ya faru, bai rage digiri ɗaya ba, bai ɗora wa Rakan ko samarin komai ba. Sai bayan sati uku amsa ta zo, layi huɗu. Ta ce in yana so ya dawo, ya dawo. Amma shekara guda cur ba zai taɓa igiya ba, ba zai taka keke ba. Shara zai yi, ya ɗebi ruwa, ya dafa musu abinci, ya tsaya yana kallo wasu na fita da karnukan.

Ranar da yake haɗa kaya, Umma ta jawo kujerarta bakin ƙofar ɗakin ta zauna tana kallonsa yana naɗe rigunan sanyi. Ya gaya mata sharaɗin da aka kafa masa. Ta ja carbinta, sannan ta ce:

"Shekara guda kana kallo wasu na hawa? Kai ɗin?"

"Ni ɗin, Umma."

"In ka ce gudu kake daga idon mutane, ba zan sa maka albarka ba. In kuwa wannan shekarar za ka je ka zauna mata, to miƙo jakar nan, ba haka ake naɗe kaya ba."

Ya miƙa mata. Ta zazzage duk abin da ya cusa, ta fara naɗewa ɗaya bayan ɗaya a kan cinyarta, a hankali, yadda hannunta ya ba ta. Lukman ya zauna a ƙasa gefen kujerar, ya jira ta gama.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, sanin abu ba ya tsare mutum in ba shi da haƙurin yin aiki da abin da ya sani. Lukman bai rasa ilimi ba, bai rasa mai gargaɗi ba. Jira na mako ɗaya ne ya gagare shi, dariyar mutane kuma ta fi masa nauyi a kan ran da aka damƙa a hannunsa. Duk wanda Allah ya ba iko a kan wanda ba zai iya ce masa a'a ba, dabba ce ko ma'aikaci ko ɗan cikinsa, to ya sani tsayawar tana wuyansa, kuma shi za a tambaya. Kada ka auna wahalar wani da abin da naka jikin yake ji, kuma kada ka bari masu kallo su zaɓa maka lokacin da za ka yi abin da ka san bai yi ba. Kunyar fasawa kwana kaɗan take yi ta wuce, amma ran da ya fita ba ya dawowa.